Murya a Kan Ɗari da Sittin da Biyar

Plumstead, London
14 ga Maris, 1993

Hajiya Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki. Ya ibada? Allah ya sa muna cikin 'yantattun wannan wata. Ni dai ga ni nan. Gwiwar hagu ta ƙi, likita ya ce shekaru ne, kamar ni ban san shekaruna ba. Lif ɗin gidanmu ya yi sati uku a mace, ni kuwa a hawa na tara nake. Council, hukumar da ke kula da gidajen, sun ce suna sane.

Kin tambaye ni da me nake cika yinina tun da aka rufe masana'antarmu. To, na samu abin yi. Akwai wata 'yar rediyon hannu da ake kira sikana. Ba labaran duniya take kamawa ba, ba kuma waƙa ba. Zangon da ma'aikata ke magana da junansu take bi: matuƙan jirgin sama, ma'aikatan jirgin fito na Woolwich, direbobi. Tana ta gudu bisa lambobi, inda ta ji murya sai ta tsaya. Ji kawai ake yi da ita, ba a magana.

Wani mutumin Kumasi mai suna Inusah yana da teburin kayan lantarki a kasuwar Lewisham. Guda uku ya baje mini. Na farko ɗan Amurka ne, gajere mai kauri kamar bulo, gurbin ajiye tasha goma kacal gare shi, kuma ba ya kama jiragen sama ko kaɗan. Na biyu tsoho ne mai abin murɗawa, jiragen sama kawai ya sani, amma murya garau, kamar matuƙin yana zaune kusa da ke. Na uku Bajapane ne siriri, gurbi dubu, yana kamawa daga ƙasa har sama ba giɓi. Aibinsa biyu: cin batir kamar gara, kuma kuɗinsa ya haɗiye benefit ɗina na wata guda, wato tallafin da gwamnati ke ba ni.

Inusah ya tsaya yana koya mini ma'anar megahaz. Ni fa, Dije! Ni da na zo na ɗaya a ajinmu na injiniyan rediyo a 1967, Turawa goma sha tara suna bayana. Na bar shi ya gama. Shekara ashirin na yi ina gwada kwan talabijin a masana'anta ƙarƙashin yaran da ba su kai ni ba, sauraron Inusah na minti goma ba zai kashe ni ba.

Daga tagata ina hango jirage suna sauka a ƙaramin filin da ke ƙetaren kogi. Kin san tun muna yara nake son jirgi. Bayan na yi nazari sai na ɗauki ɗan Amurkan.

Ki gaishe da kowa.

Ubangidanki,
Uwaisu

*

Funtuwa
19 ga Afrilu, 1993

Bawana Uwaisu,

Wa alaikumus salam. Mun yi salla lafiya, duk muna nan ƙalau, sai dai hawan jinin Alhaji da ke tashi duk lokacin da aka ambaci kuɗin taki. Allah ya ba gwiwarka lafiya. Kuma tun yaushe ɗan kawu ya zama ubangidan 'yar goggo? Taubashi dai taubashi ne, ko ya kwana a fadar Sarauniya.

Na karanta shafi biyu na megahaz. Ni ban je Ingila ba, amma shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a firamare, na kuma san amsar da ba ta bi tambaya ba. Ka ce jirgi kake so. Ka ce akwai mai kama jirgi garau, akwai wanda ba ya kama jirgi ko kaɗan. Sai ka sayi wanda ba ya kamawa. Ko dai ilimin ne ya yi maka yawa har ya zube, ko kuma akwai abin da ba ka faɗa ba.

Sannan ina Jamilatu? Na sani ba za ka ambaci sunanta ba, 'yar fari ce, kunyar gidanku ta bi ka har cikin ƙanƙara. Tun da aka haife ta ban taɓa ji ko ganin sunan nan ya fito daga gare ka ba. Amma da kakan rubuta ko da "yarinyar nan tana gaishe ki". Shekara huɗu ke nan ko wannan babu. Tun rasuwar matarka Rukayatu, Allah ya jiƙanta, ku biyu kaɗai kuka rage wa juna a ƙasar nan. Na ji ƙishin-ƙishin cewa tana zaune a Lewisham wajen Fusena, ƙanwar mahaifiyarta, ba na son in ji sauran a bakin wani.

Ka ba ni amsa a kan 'yata, ka riƙe megahaz ɗinka.

Uwargijiyarka,
Dije

*

Plumstead
16 ga Mayu, 1993

Dije,

Sallama da gaisuwa. Ina lafiya, an gyara lif, ya sake mutuwa. Allah ya sassauta wa Alhaji.

Tun muna yara ba ki iya barin mutum da asirinsa ba. To ga shi.

Bayan rasuwar mahaifiyarta, yarinyar nan ta bar jami'a. Tana shekara ta biyu a karatun haɗa magunguna. Ta ce kanta ya ƙi ɗauka, ta samu aiki a wani ofishin minicab a Woolwich, wato motocin haya da ake kira ta waya. Ita ke zama gaban rediyo tana gaya wa direbobi inda za su je. Na ce mata ban ƙetare teku na shanye wulaƙancin shekara ashirin don jinina ya zama kwandasta ba. Na faɗi abin da ya fi haka. Na ce idan ta fita kada ta dawo. A duk umarnin da na taɓa ba ta, wannan kaɗai ta bi sau da ƙafa.

Ranar da na je wajen Inusah, batir na je saye. Ya kunna ɗan Amurkan don ya burge wani, abin yana ta gudu, sai ya tsaya cak a kan ɗari da sittin da biyar. Wata murya ta ce da Turanci mota mai lamba tara ta je bakin asibiti, akwai tsohuwa da keken guragu, a bi ta a hankali. Na dafa teburin. Inusah ya ce, da irin Hausarsu, "Malam, lafiya? Mace nan kullum ya na nan, ya na da baki kamar rediyo." Na ce masa gwiwa ce. Na ce ya fito mini da duk irin da yake da su in gwada. Tsohon mai jirage bai san da ita ba. Bajapanen ya kamo ta tas, har ina jin takarda tana motsi a gabanta, amma ba ni da halinsa. Gajeren yana kamo ta da 'yar shashsheka, domin takunsa biyar-biyar ne irin na Amurka, tashoshin ƙasar nan kuwa sha biyu da rabi suke takawa, don haka kullum yana ɗan gefe da ita. Na yi masa sabuwar eriya da wayar rataye riga, na auna tsawonta daidai, na kafa a taga. Ko ba komai ilimin 1967 ya yi rana.

Tana kama aiki ƙarfe bakwai na safe, ta tashi ƙarfe uku, ban da Lahadi. Gurbi goma ne a na'urar, tara babu komai a cikinsu. Na san ranar da take mura. Na san ranar da ta yi faɗa da mai ofishin, domin maganarta takan gajarce. Akwai wani direba Gariba, shi ma ɗan Gana ne, yana yi mata Hausa ta mayar masa da Turanci. Ran nan ya yi tafiya mai nisa ya dawo, sai ta ce masa "sannu da aiki", da wannan harshen nata mai nauyi. Ban iya cin abincin rana ba. Dariyarta kuma ta Rukayatu ce, ba ragi.

Duk wani lungu na Woolwich da Plumstead yana kanta, ba ta duba taswira. Mota goma sha huɗu take juyawa a lokaci guda ba ta ruɗe ba. Ban ce aikin kirki ba ne. Na faɗi abin da na ji ne kawai.

An ce doka ba ta yarda mutum ya saurari abin da ba don shi aka faɗa ba. To su hau hawa tara su kama ni, idan lif ya yarda.

Kada ki gaya wa kowa.

Uwaisu

*

Funtuwa
4 ga Yuli, 1993

Uwaisu,

Gaisuwa da fatan alheri. Damina ta yi kyau, masara ta kai ƙugu. Alhaji da sauƙi.

Na karanta takardarka sau biyu, na yi kuka, sannan haushi ya kama ni. A garinmu abin da kake yi laɓe sunansa, ko da eriya ko babu. Dattijo mai shekara sittin da ɗaya ya maƙale a bayan zana yana sauraron 'yarsa! Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma lamba nake so, tunda kai mutumin lamba ne: minti nawa ne a mota daga ƙofarka zuwa wannan ofishi?

Ka je, Uwaisu. Ba sai ka ce komai ba. Ka sayi lemo ka ajiye mata a tebur, za ta gane. Rai ba a hannunka yake ba, ba kuma a hannunta ba.

Dije

*

Plumstead
3 ga Oktoba, 1993

Dije,

Sallama. Ki yafe jinkirin amsa, na yi ta fara takarda ina yagawa. Jiki da sauƙi, barci ne babu.

Minti goma sha biyu. Kin samu lambarki. Sau biyu na hau bas, sau biyu na wuce wurin ban sauka ba, na je bakin kogi na zauna ina kallon jirgin fito. Ke ba ki ji abin da na faɗa mata ba. Idan na shiga ta dube ni ta ce in fita, a gaban direbobi, shi ke nan na rasa har wannan ɗan abin da nake da shi, domin ba zan ƙara iya kunna na'urar ba. Yanzu kuwa kullum ƙarfe bakwai ina da 'ya.

Amma ba wannan ne ya hana ni barci ba. Makon jiya na ji mai ofishin yana gaya wa direbobi cewa kafin ƙarshen wata kowa ya kawo motarsa a saka masa sabon kaya, za a rufe tsohuwar tasha. Bai faɗi inda za su koma ba. A hasashena sama za su hau, wajen ɗari huɗu da wani abu, inda kamfanoni da yawa ke komawa yanzu. Gajerena a ɗari da saba'in da huɗu yake tsayawa. Ranar da suka tashi, sai dai in ji iska.

Na koma wajen Inusah. Bajapanen yana nan, ga kuma wani sabo mai ruwan toka da ya zo daga baya. Na roƙe shi ya ba ni aron su biyun na yini biyu, na bar masa tsohuwar mitar gwajina a hannunsa, wadda aka ba ni kyauta ranar da na zo na ɗaya. Ya juya ta ya ce, "Wannan na museum ne, Malam," wato gidan ajiye kayan tarihi. Mai ruwan tokan ya fi sauri, yana share zango cikin ƙiftawar ido, amma kunnensa na da nauyi, murya mai rauni sai ya tsallake ta. Bajapanen yana tafiya a hankali amma ko raɗa ba ta wuce shi, sai dai a nan sama yana kwaso hayaniyar 'yan na'urorin aljihu masu karɓar saƙon lamba ta cika ko'ina. Wanda zai yi neman tashar da bai sani ba, sauri yake buƙata ko kunne? Shekara uku na yi ina karanta wannan fanni, ga shi na kasa yanke hukunci. Idan na zaɓi wanda ba shi ba, ba ni da abin sayen na biyu.

Kada ki sake ce mini lemo. Ki yi mini addu'a kawai su fasa.

Uwaisu

*

Plumstead
21 ga Oktoba, 1993

Dije,

Dokta Katung maƙwabcina zai tashi zuwa Kaduna gobe, shi zai aiko miki da wannan ta hannun direba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rasa Jamilatu. Shekaranjiya Talata da hantsi, tana cikin magana ta ɗauke. Ina zaune ina ji, ba abin da na iya yi. Yau kwana biyu ban sa komai a bakina ba. Ba ni da ƙarfin rubutu.

Uwaisu

*

Funtuwa
28 ga Oktoba, 1993

Ɗan'uwana Uwaisu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah da ya ba mu ita ya fi mu son ta. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri?

Direban ya kawo takardarka ranar Litinin da la'asar. Wata huɗu ban ji daga gare ka ba, na buɗe da murna. Kafin in karanta komai idona ya faɗa kan sunanta, da rubutun hannunka. Nan take na yi salati, domin na san ba za ka rubuta sunan nan ba sai idan mai shi ba ta duniya.

Mun yi zaman makoki kwana uku a nan gidan. Mutane sun zo daga Bakori da Malumfashi da Zariya, tabarmi har waje. An sauke Alƙur'ani sau biyu, an yi gumba da waina an raba. Inna Laraba da ba ta gani ta sa aka jawo ta, ta ce ita ta yi mata kitso a zuwanku na 1976. Kowa ya tuna ta, sau ɗaya tak da suka gan ta: 'yar fara mai takalmin roba ja, wadda ta bi jakin Malam Sule tana ba shi haƙuri da Turanci don ta ɗauka kuka yake yi.

Kada ka ce ta tafi ba ta san kana son ta ba. Takardar da ka aiko mini ranar da aka haife ta tana cikin akwatina har yau. Shafi huɗu, ka siffanta yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ka ce ko ba ka zama komai ba a ƙasar Turawa, zuwanka ya biya. Wanda ya zauna wata bakwai gaban taga don ya ji 'yarsa ta ce mota ta je asibiti, ba maƙiyinta ba ne. Taurin kai ne, kuma a gida kuka gada, ita ma ta ɗebi nata. Allah ya san wannan, yanzu ita ma ta sani.

Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da mahaifiyarta a gidan rahama, ya sa ta huta.

Dokta Katung zai koma ranar Asabar, shi zai kawo maka wannan. Ina neman lambar wayar Fusena in yi mata gaisuwa. Ka ci abinci don Allah.

'Yar'uwarka,
Dije

*

Funtuwa
3 ga Nuwamba, 1993

Uwaisu,

Ban san ko in gaishe ka ba. Lafiyarmu ƙalau, ban da kunya da ta kusa kashe ni.

Shekaranjiya na samo lambar Fusena a wata tsohuwar takardar Rukayatu. Na shiga mota har Zariya, na bi layi a ofishin waya awa uku. Aka haɗa ni, mace ta ɗauka. Na yi sallama na ce, "Dije ce daga Funtuwa, ina yi muku gaisuwar Jamilatu, ya haƙuri?" Shiru. Na ɗauka layi ne, na ɗaga murya na sake faɗa, mutanen da ke bayana har suna cewa Allah ya jiƙan rai. Sai ta ce, a hankali, da Hausarta ta 'yan can, "Goggo, ni ne Jamilatu."

Na saki wayar tana lilo. Wani bawan Allah ya riƙe ni, ya mayar mini da ita a kunne. Na ce, "Ke, daga ina kike magana?" Ta ce daga kicin.

Minti uku na biya, don haka ban tsaya zaɓen magana ba. Ta ce wa ya ce ta mutu. Na ce ubanki. Na gaya mata komai, da sikana, da taga, da wayar rataye riga, da mota mai lamba tara. Ka ce kada in gaya wa kowa, to na gaya, ka zo ka kama ni. Sai layin ya yanke.

Na dawo gida na tarar da takardarka ta uku ga Oktoba, wata guda tana yawo a hanya, ta iso bayan an gama cin gumba. Da ita ta riga zuwa da na gane tasha ka rasa. Amma kai ma, wane irin mutum ne zai yi salati, ya rubuta sunan 'yar fari ɓaro-ɓaro, ya ce ta ɗauke, alhali rediyo yake nufi? Yanzu Alhaji yana bi gida-gida yana janye ta'aziyya. Inna Laraba ta ce ita ba ta mayar da hawayenta, a ajiye mata su a kanka.

Alhamdu lillahi, tana raye. Amma ka ji tsoron Allah, Uwaisu. Na ɗanɗana kwana bakwai na mutuwar yarinyar nan, kai kuma kana da ita minti goma sha biyu daga ƙofarka. Ban san abin da za ta yi da abin da na gaya mata ba. Idan na ɓata, na ɓata.

Dije

*

Plumstead
18 ga Nuwamba, 1993

Dije,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina cin abinci. Ki ba Alhaji haƙuri, ki ba Inna Laraba, ki ba duk wanda ya ɓata ƙafarsa. Takardunki biyu sun same ni.

Ta farkon ta kusa zama ajalina. Da na ga "ya haƙuri" ban tuna da abin da na rubuta miki ba sam. Abin da ya zo mini shi ne ta rasu da gaske, shi ya sa muryar ta yanke, Fusena ta sanar da gida, ni ne na ƙarshen ji. Na sauka hawa tara da silifas. Ban san yadda na isa Woolwich ba. Na tsaya a tsallaken titi, sai ga ta ta cikin gilashi, a zaune, tana cin tuffa. Na rungume sandar fitila ina kuka kamar yaro, wata Baturiya ta tambaye ni ko a kira mini motar asibiti. Kuma duk da haka, Dije, ban tsallaka ba. Ki zage ni, na cancanta.

Jiya Laraba, wajen ƙarfe huɗu na yamma, aka ƙwanƙwasa. Na ɗauka Inusah ne, domin na riƙe masa Bajapanen ina ta share sama da shi sati huɗu ban same ta ba. Na buɗe, ita ce, tana haki saboda matakala. Ta rame. Ba ta gaishe ni ba. Ta wuce ni ta tsaya tsakiyar ɗaki tana kallon taga da eriya da na'urori biyu a kan tebur. Da Turanci ta yi magana, ni zan mayar miki.

Ta ce, "An ce na mutu."

Na ce kuskure ne.

Ta ce, "Sati biyu ina jira ka zo ka gaya mini da bakinka cewa kuskure ne."

Ta ɗauki Bajapanen ta jujjuya ta ce nawa zan saye shi. Na faɗa. Ta ce in mayar wa mai shi. Ba sama suka koma ba, ba ƙasa ba. An saka wa kowace mota ɗan allo, ita tana bugawa a injin rubutu, adireshi ya fito wa direba a rubuce. Ba ta ƙara yin magana a rediyo ba, kuma ba za ta ƙara ba. Duk lissafin da na cika miki takarda da shi, sauri ko kunne, na banza ne. Ba a ƙera na'urar da za ta kamo ta ba.

Na zauna. Na jira ta fita.

Sai ta ce, "Goggo ta ce mutane sun taru saboda ni. Su nawa?" Na ce ban sani ba, amma kin ce tabarmi har waje. Ta ce, "Ba su ma san ni ba." Na ce sun san ta, yana cikin takardarki ta ta'aziyya. Ta miƙo hannu, na ba ta, ta duba ta dawo mini da ita. Kin san tana ji amma ba ta iya karantawa ba. Ta zauna a hannun kujera, ba ta ko cire kwat ba, ta ce in karanta mata.

Na karanta. Wajen jakin Malam Sule ta rufe baki da hannu. Da na zo kan shafi huɗun nan da yatsu, na so in tsallake, ta gane, ta ce, "Baba, duka." Na karanta duka, da muryar da ban san tawa ba ce. Abin da na kasa faɗa shekara ashirin da huɗu, ke kika rubuta, ni na furta, ita tana kallon ƙasa. Na zo ƙarshe na ce, "Allah ya jiƙanta, ya haɗa ta da mahaifiyarta a gidan rahama, ya sa ta huta."

Ta ce, "Amin."

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. Na ce, "Ke! Ba a cewa amin a nan, kina zaune da ranki!" Ta ɗago ta dube ni, ido jajir, ta ce to ai addu'a ce, a gida an koya mata duk addu'a a ce amin. Na ce ba yanzu ba, sai bayan ni da shekaru masu yawa, ta tofar. Ta ce ba za ta tofa miyau a kan kafet ba. Muka tsaya muna gardama a kan wannan, ni da ita, kamar jiya muka rabu.

Ba ta daɗe ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma bakina bai iya roƙo ba. Ta ninke takardarki ta sa a aljihu, ta ce tata ce tunda ita aka yi wa. A bakin ƙofa ta ce firijina abin kunya ne, wataƙila ta leƙo ranar Lahadi, wataƙila, kada in sa rai.

Na sa, Dije. Na share ɗaki sau biyu. Gobe zan mayar wa Inusah kayansa in sayo kaza da kuɓewa a kasuwar. Ban san me zan ce mata ba idan ta zo, ban kuma san yadda zan yi ba idan ba ta zo ba. Wannan takarda ba za ta same ki ba sai Lahadin ta wuce da nisa, amma duk da haka ki yi addu'a, Allah ba ya bin gidan waya.

Yau Alhamis. Saura kwana uku.

Bawanki,
Uwaisu